Guzurin Matafiyi: Tsaron Waya da Abin da ke Cikinta

Madabo unguwa ce a birnin Kano da aka sani da karatun fiƙihu tun zamanin Wangarawa, har yau kuma akwai sarautar Babban Malami na Madabo. A da ɗalibai ke niƙo gari daga nesa su zo ɗaukar Muhtasar. Yanzu 'ya'yan unguwar ma ba su zauna ba: wannan ya tafi Umara, wancan ya nufi Legas ko Kwatano saro kaya, wani har Guwanzu ta ƙasar Sin. Kowannensu da waya a aljihu.

To, jama'a, a cikin littattafan da ake karantarwa a zaurukan nan akwai babin ajiya. Hukuncinsa sananne ne: wanda aka ba ajiya ta salwanta ba da laifinsa ba, ba ya biya, amma in ya yi sakaci lamuni ya hau kansa. Wayarka cike take da ajiyar mutane: lambobinsu, hotunan iyali, saƙon abokin ciniki, wani lokaci har kuɗin adashi.

Abu na farko da ya kamata matafiyi ya gane shi ne, layin ya fi wayar tsada. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya fito da BVN a 2014, aka kuma umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN a Disambar 2020, ɗan ƙaramin katin nan ya zama makullin asusunka. Ɓarawon da ya san sana'arsa bai damu da makullin fuskar waya ba. Zare layin zai yi, ya sa a ƙaramar waya mai madannai, ya bi lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya har ya dace da naka. Maganin wannan shi ne a sa wa layin kansa lambar sirri, wato PIN, ta yadda duk wayar da aka sa shi sai ya nemi lambar. Wanda ya kuskure sau uku layin ya kulle, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓalle shi. Don haka kada ka yi ta cinke. In ba ka san lambar da layin ya zo da ita ba, je ofishin kamfanin su nuna maka. Abin mamaki, mutum zai ba da dubbai a kasuwar waya ta Farm Centre ya sayi rigar waya da gilashi, amma wannan da ba a biyan ko kwabo ya gagare shi.

Kafin ka bar gida, samu takarda da biro. Danna *#06#, lambar wayar ta IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, ka rubuta. Ka tambayi bankinka lambar da ake rufe asusu da ita daga wayar wani, ita ma ka rubuta, tare da lambobin mutum biyu na gida. Takardar nan ba a jakar wayar take zama ba. Lambar katin ATM da BVN kuwa, a goge su daga jerin sunaye. Nan ɓarawo ke fara dubawa.

Sai WhatsApp. A cikin saitinsa akwai wurin sa lambar sirri ta biyu mai alƙaluma shida, a sa ta. Damfarar da ta yi yawa ita ce a kira mutum da murya mai daɗi, a ce za a sa shi a zauren alhazai ko na 'yan kasuwa, ya karanto lambar da ta shigo masa yanzu. Da ya karanto, shi ke nan, an ƙwace. Kafin ya sauka Jidda an bi 'yan uwansa da saƙo cewa ya shiga matsala, a turo kuɗi. Ku yi yarjejeniya da mutanen gida tun kafin sallama: ba a tura ko sisi sai an ji muryarka. Banki ma ba ya kira ya nemi lambar OTP.

A hanya, ka riƙe fawa bankinka. A jirgin sama cikin jakar hannu yake tafiya, ba a awon kaya ba. In dole ta sa ka ba da caji a tasha, kashe wayar ka zare layin. Intanet ɗin kyauta na filin jirgi da masauki ya isa gaisawa da iyali, amma harkar banki a yi ta da datar layinka, domin kowa na iya buɗe nasa ya raɗa masa sunan otal. A Saudiyya ana sayen layin STC ko Mobily ko Zain da fasfo. In ka sa shi, adana na gida kamar yadda kake adana fasfon, don ta nan saƙon banki ke zuwa. Mai zuwa Sin ya sani WhatsApp da Facebook ba sa aiki can, sai WeChat, ya shaida wa gida tun da wuri kada shiru ya tayar da hankali. Hoton fasfo da tikiti kuma a daina sa su a Facebook. Ban da bayanan da ke jiki, shela ce cewa maigida ba ya nan.

In ƙaddara ta faɗa aka tare ka da makami, miƙa wayar, kada ka yi kokawa. Ka ari ta wani ka rufe asusu, sannan ka sa kamfani ya toshe layin, daga nan sai wurin 'yan sanda. Sabunta layi yana buƙatar NIN ɗinka, kuma in kamfani ya yi maka jan ƙafa, hukumar NCC tana karɓar koke a 622 kyauta.

Da yawa daga cikin iyayenmu masu tafiya ba su iya waɗannan danne-dannen ba, shi ya sa suke miƙa wa baƙo waya su ce, "Yaro, duba mini." Matasan Madabo, wannan aikinku ne. Duk wanda Baba ko Hajiya za su yi tafiya a gidansu, ya zauna da su daren jajibiri ya shirya musu wayar, ya rubuta musu takardar. Malamai masu bitar alhazai kuma, don Allah a ware wa wannan batu ko da minti goma ne.