Akwatin da Aka Soke Yana Dawowa

Aikina horar da masu sa ido a rumfunan zaɓe, kuma tambayar da na fi sha a ƙasar Illela ita ce: "Malam, mun riga mun jefa ƙuri'a, don me za a ce mu sake fitowa?"

Ku tuna zaɓen gwamnan Sakkwato na 9 ga Maris 2019. Aminu Waziri Tambuwal na PDP yana gaban Ahmad Aliyu na APC da ƙuri'u 3,413, amma an soke zaɓe a rumfuna 136 masu ɗauke da mutum 75,403. Tunda waɗanda aka soke musu sun fi ratar yawa, hukumar INEC ba ta da damar bayyana wanda ya ci. Aka koma ranar 23 ga Maris, Tambuwal ya tsira da ratar ƙuri'u 342 kacal. Rumfa ɗaya ke nan a unguwa mai jama'a. Sai da shari'ar zaɓen ta kai Kotun Ƙoli a Janairun 2020 kafin ƙura ta lafa. A 2023 ma kujerun sanata uku na jihar, har da ta Sakkwato ta Gabas inda muke, sai da aka yi musu zaɓen cike giɓi ranar 15 ga Afrilu.

Abu biyu suka fi jawo soke akwati: tashin hankali da aringizo. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce idan ƙuri'un da ke cikin akwati suka haura adadin mutanen da aka tantance, sakamakon rumfar ya rushe, kuma na'urar tantancewa ta BVAS tana riƙe da adadin. Wato wanda ya cusa ƙuri'a goma don ya taimaki ɗan takararsa, ta maƙwabtansa ɗari uku ya zubar, har da ta mahaifiyarsa da ta wuni cikin rana a layi.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar komawar. Ranar babban zaɓe 'yan siyasa a warwatse suke, kowa na gadin mazaɓarsa. Ranar cike giɓi kuwa duk kuɗin jiha da 'yan bangarta a 'yan rumfunan nan suke sauka. Mutanen Gama a Kano sun gani da idonsu a 2019. A daidai lokacin ne kuma masu ƙuri'ar na gaskiya ke raguwa. Ɗan ci-rani ya koma kudu, mai fatauci ya tsallaka Ƙonni, mata sun ji tsoro sun zauna gida. Na ga rumfar da layin 'yan dangwale ya fi na masu zaɓe tsawo.

Wakilan jam'iyyu, da ku nake musamman. Kada ka tashi daga rumfa sai an ƙirga a gabanka, an rubuta a takardar sakamako ta EC8A, ka sa hannu, ka karɓi kwafinka. In an soke, ka tabbata jami'in rumfa ya rubuta dalili, domin alƙali takarda yake karantawa, ba ya jin "wallahi mun gani".

Dattawa kuma ku ja kunnen samari tun daren jajibiri. Katin zaɓe a adana shi ko bayan an jefa ƙuri'a, don da shi za a sake tantance mutum in an dawo, kuma wanda ba a rumfar ya yi rajista ba, ba shi da ƙuri'a a cikinta.