Yadda Ake Wanke Haƙoran Roba Su Daɗe Ba Su Dafe Ba

Wanda bai daɗe da sa haƙoran roba ba yakan ɗauka yadda ya saba kula da haƙoransa na asali haka zai kula da waɗannan. Da ya ga sun fara ja sai ya sa ƙarfi: makilin da buroshi mai tauri, wani ya haɗa da gawayi ko toka da gishiri, wani ma aswaki zai kafa musu. Nan take sukan yi haske, amma bayan 'yan makonni sai su dafe fiye da da. Dalili kuwa, robar da ake yin su da ita, wadda ake kira akirilik, ba ta kai haƙorin mutum tauri ba, ko kusa. Duk wani abu mai gurza yana barin ƙananan ƙarzuna a jikinta waɗanda ido ba ya gani, kuma a cikinsu ne launin goro da na shayi da hayaƙin taba suke samun wurin zama. Kamar kwanon roba ne da aka wanke da soson ƙarfe: daga ranar manja ba ya ƙara fita daga jikinsa. Saboda haka aikin ba na ƙarfi ba ne, na kullum ne.

Kayan aikin ba su da yawa. Buroshi mai laushi wanda aka ware wa haƙoran robar kaɗai, sabulun ruwa marar ƙamshi mai ƙarfi (na wanke hannu ko na wanke-wanke ya isa), ƙaramin mazubi mai murfi, da tawul. Akwai buroshi na musamman mai kai biyu a wasu manyan shagunan magani, ƙaramin kan yana shiga lungun da ke zama a kan dasashi. In ba a samu ba, buroshin yara ya wadatar.

A fara da abin da ya fi sauƙi: bayan kowane cin abinci a cire su a ɗauraye da ruwa, a kurkure baki, a mayar. Tuwo da ɗanwake da ƙuli-ƙuli sukan shige ƙarƙashinsu su maƙale, mutum bai sani ba sai wari ya tashi. Mai cin goro kuwa, wannan ɗaurayar ta fi masa kowane magani, domin jan goro yana fita da ruwa kawai in bai jima ba, in ya wuni sai an yi da gaske. Wanda yake alwala sau biyar a rana ya ma samu lokaci a shirye, tunda dama zai kurkure baki.

Babban wanki sau ɗaya ne a rana, kuma da dare ya fi, bayan an gama cin abinci. Kafin ka cire su, shimfiɗa tawul a ƙasa ko ka tara ruwa a kwano ka yi wankin a kansa. Wannan ba fi'ili ba ne. Hannu mai sabulu yana da santsi, kuma faɗuwa ɗaya a kan siminti ta isa ta raba haƙoran gida biyu. Ka riƙe su a tafin hannu ba tare da matsewa ba, musamman na ƙasa, wanda siffarsa ta lanƙwashe kuma tsakiyarsa ba ta da kauri. Ɗiga sabulu kaɗan a buroshi ka bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, ka tsaya a wurin da farin haƙori ya haɗu da jar robar, nan ne datti ya fi taruwa. Sannan ka juya su ka wanke cikin, wato ɓangaren da ke kwanciya a kan dasashi da ganɗa. Yawancin mutane nan suke tsallakewa saboda ba wanda ke ganinsa, alhali nan ne ƙwayoyin cuta suka fi samun ɗumi da laima. In kana amfani da man da ke manne haƙoran da dasashi, ka tabbata ka cire ragowarsa tas, kada ka ɗora sabo a kan na jiya. Masu ƙarfen maƙalawa a gefe a bi ƙarfen a hankali, kada a lanƙwasa shi, domin in ya buɗe haƙoran za su riƙa rawa a baki. Daga nan a ɗauraye sosai.

Ruwan kuma ya zama mai sanyi ko mai ɗan ɗumi. Akwai masu zuba musu tafasasshen ruwa wai don su kashe cuta. Zafi yana murɗe robar, kuma in ta murɗe ko kaɗan ba za ta ƙara zama daidai a baki ba, sai dai a sake yin wasu.

Bakin ma yana da nasa haƙƙi. Da buroshi mai laushi ko tsumma mai tsabta da aka jiƙa, a goge dasashi da harshe da ganɗa. Wanda yake da sauran haƙoransa na asali ya goge su da makilin yadda ya saba, nan ne wurin makilin da aswaki. Ya ƙara kula da haƙoran da ƙarfen ke maƙalewa a jikinsu, su ne suka fi saurin ruɓewa.

Sai matakin da ya fi wa mutane nauyi: kwana babu su. Kunya ce ke hana da yawa. Akwai magidancin da iyalinsa ba su taɓa ganin bakinsa wayam ba, akwai uwargidan da ba ta so maigida ya san nata na roba ne. Ana fahimtar wannan, amma farashinsa yana da tsada. Dasashin da roba ta rufe dare da rana ba ya shan iska, miyau ba ya wanke shi, sai ƙwayar nan mai suna kandida ta yaɗu, ganɗa ta yi jajir daidai girman robar, wani lokaci har gefen baki ya tsage. Sau da yawa ba ta ciwo, shi ya sa mutum yakan daɗe da ita bai sani ba. Ga tsofaffi abin ya wuce baki: wani bincike da aka yi a Japan, aka buga a 2015, a kan mutane masu shekara 85 zuwa sama, ya nuna masu barci da haƙoran roba sun ninka waɗanda ke cirewa haɗarin kamuwa da ciwon huhu na nimoniya, saboda ƙwayoyin da ke jikin robar suna iya bin numfashi su sauka. Mazubi mai murfi yana rufa asiri, ba sai an ajiye su a kofin gilashi a kan tebur ba.

A cikin ruwa za su kwana, ba a busasshen wuri ba, balle lokacin hunturu da komai ke bushewa ƙayau. Ruwa mai tsabta kaɗai ya isa, a riƙa canza shi kullum, a wanke mazubin. Wanda yake da hali ya sayi ƙwayoyin nan masu tafarfasa a ruwa, irin su Polident ko Corega ko Steradent, ya bi abin da aka rubuta a kwalin game da tsawon lokacin jiƙawa. Suna rage wari da ƙwayoyin cuta, amma ba sa maye gurbin buroshi. Kuma ba na sha ba ne, ba na kurkure baki ba ne. A 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wani sinadari da ke cikin yawancinsu yana tayar wa wasu mutane borin jiki, har da kumburi da wahalar numfashi. A ajiye su nesa da yara, da kuma tsohon da idonsa ya yi rauni, kada ya ɗauka magani ne. Da safe a ɗauraye haƙoran sosai kafin a mayar.

To, in sun riga sun dafe fa? A duba a ga irin dafewar. In wani abu ne fari ko ruwan ƙasa mai tauri da ya daskare, yawanci a bayan haƙoran gaba na ƙasa da gefen turamen sama, wannan daga miyau yake. A haɗa farin ruwan khal da ruwa daidai wa daida, a jiƙa na kamar rabin awa, zai yi laushi buroshi ya ɗauke shi. Kada a kankare da wuƙa ko allura. In kuwa launi ne na goro ko taba, ana iya amfani da ruwan bilic irin Hypo ko Jik, amma da sharaɗi: kaɗan a cikin kofi cike da ruwa, kada jiƙon ya wuce minti 10, ba kullum ba, a kuma ɗauraye har warin ya tafi. In ya yi yawa yana koɗar da jar robar ta koma fari-fari. Haƙoran da ke da ƙarfe a jiki kuwa kada bilic ya taɓa su sam, yana cin ƙarfen. Kuma kada a kuskura a haɗa bilic da khal, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Abin da ya ƙi fita bayan wannan, na likitan haƙori ne. Yana da na'urar da ke kakkaɓe datti a cikin ruwa, yana kuma iya goge robar ta dawo sumul yadda launi ba zai yi saurin kama ta ba. A je masa sau ɗaya a shekara ko da ba abin da ke damun mutum, domin ƙashin da ke ƙarƙashin dasashi yana raguwa a hankali bayan an rasa haƙora, haƙoran da suka zauna daram bara suna iya yin sako-sako bana. In sun tsage a kai masa gutsattsarin duka, kada a liƙa da Super Glue, yana ɓata bakin karayar har gyaran ya gagara. Gyambon baki da ya kai mako uku bai warke ba kuma, musamman ga mai shan taba, a kai shi a duba tun kafin ranar ganin likita ta zagayo.