Ina "thou" da "thee" suka shige?

Malam mai tambaya daga Zariya, wadannan kalmomi da ka ci karo da su a wasannin Shakespeare tsohon Turanci ne. "Thou" na nufin kai ko ke, in mutum ne ke aikatawa. "Thee" kuwa in shi aka yi wa aikin. A da, "you" na jam'i ne, kamar ku, kuma da shi ake girmama babba, yadda mu ma ke ce wa dattijo "kun tashi lafiya?" Ladabin ne ya yi yawa, har "thou" ya koma kamar raini, aka yar da shi a karni na 17. Littafin Baibul na Sarki James, bugun 1611, cike yake da shi, wasu dattawan Yokshaya a arewacin Ingila ma ba su saki ba. Amma kada ka kuskura ka rubuta shi a jarrabawa!