Yadda Ake Lanƙwasa Filawud a Ƙera Allon Zamiya

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Parakou, hunturun garin kuwa ƙura ne da bushewar leɓe daga Disamba zuwa Fabrairu. Duk da haka allon zamiya, wanda yaran Kanada ke hawa su sulalo daga kan tudu, abu ne da ya cancanci kafintan unguwar Titirou ta garin ya san yadda ake yinsa, domin duk aikin ya rataya ne a kan abu ɗaya, wato lanƙwasar da ke gaba, wadda ke ɗaga hancin allon ya hau kan ƙanƙara maimakon ya cake a cikinta. Hanyar da aka saba bi a shagunanmu idan ana son baka a jikin kujera ko gado ita ce a zana shi a kan katako mai faɗi a yanke da zarto. Wannan hanya tana cin katako, kuma tana ba da abu mai rauni. Duk mai faskare ya san itace yana tsagewa ne ta tsawon jijiyarsa, to shi bakan da aka yanko, jijiyar ta guntule a daidai inda ya fi karkata, nan ne yake karyewa. Wanda aka lanƙwasa kuwa jijiyarsa tana bin bakan tun daga farko har ƙarshe.

Mutanen Innu da Cree na arewacin Kanada sun daɗe suna yin irin wannan allo da siraran katako, suna tausasa gaban da ruwan zafi ko tururi, su tanƙwara su ɗaure har ya bushe, su ja kaya da shi a kan ƙanƙara. Wasan tsere ya zo daga baya. A 1883 aka yi wata shahararriyar gasa daga Davos zuwa Klosters a Suwizalan. Dabarar manna fale-falen katako a kan zubi kuwa masu kujeru ne suka raya ta: Michael Thonet ya gwada ta a Jamus tun shekarun 1830, Alvar Aalto ya yi kujerar Paimio da ita a Finlan a farkon shekarun 1930, Charles da Ray Eames kuma suka yi wa sojojin ruwan Amurka abin ɗaure karaya da ita a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Mai yin rariya a kasuwanninmu, da yake naɗe siririn katako ya zama da'ira, ya riga ya san rabin ilimin.

Aiki yana farawa da sayen filawud, kuma tun a nan ake yin kuskure. Ba mai kauri ake saye ba. A nemi mai milimita 4, ko 3 in an samu, wanda ba shi da rami a gefe kuma fatarsa ba ta fara ɗagowa ba. Irin na okume, itacen Gabon, yana da laushin da ake so. Dalilin zaɓen siriri lissafi ne. Taurin allo yana ƙaruwa ne da kaurinsa sau kansa sau kansa, don haka mai milimita 12 ya fi mai milimita 4 tauri sau 27, alhali fale uku na milimita 4 da aka jera ba gam sun fi guda ɗaya tauri sau 3 kacal. Ke nan ƙarfin da za ka sa ka tanƙwara su kashi ɗaya ne cikin tara na wanda mai kaurin zai nema, in ma bai fashe ba. Ka tanƙwara littafi ka ga yadda takardun ke zamewa kan juna har gefensu ya goce. Haka falen ke yi yayin da gam yake ɗanye. Idan gam ya bushe zamewar ta tsaya, kuma allon ba shi da hanyar komawa miƙe sai ya tsinke mannin.

Filawud ɗaya tsawonsa santimita 244 ne, faɗinsa 122. A yanka shi ta faɗi, kowane yanki santimita 40, za a sami guda shida masu tsawon 122, wato allo biyu masu fale uku-uku. Yanka ta faɗi yana sa jijiyar fatar waje ta kwanta a gicciye, abin da ke sauƙaƙa tanƙwarawa ƙwarai.

Sai gadon lanƙwasa, wanda shi ne ainihin jarin. A zana siffar gefen allon a kan katako mai kauri: miƙaƙƙen layi kamar santimita 80, sannan baka mai tashi a hankali a ragowar. Ana fitar da bakan da igiya da ƙusa da fensir, igiyar kamar rabin mita. A yanke irin wannan siffa guda uku, a haɗa su wuri ɗaya a goge har su zama daidai da juna, a jera su a tsaye, a buga ƙananan katakai a gicciye a kansu kusa da kusa. Bakan gadon ya ɗan fi wanda ake so matsewa, domin allon yana ɗan saki idan an kwance shi. Kafin a taɓa gam a gwada a bushe: a ɗora falen uku, a danna a hankali ana saurare. Ƙarar tsagewa tana nufin bakan ya yi tsanani, a sassauta shi ko a nemi fale mafi siriri. A shimfiɗa leda a kan gadon don kada allo ya manne da shi.

Manni shi ne inda gaggawa da natsuwa suke haɗuwa. Gam ɗin takalmi mai kamawa nan take bai dace ba, saboda ba ya barin falen su zame, kuma yana saki da zafi. Farin gam na katako, irin mai jure ruwa, ya wadatar. Ifoksi ya fi shi ƙarfi da ba da lokaci, sai dai tsada. A shafa wa fuskokin da za su haɗu gam ko'ina da guntun roba mai haƙora, kada a bar ko tafin yatsa a bushe. Farin gam yana fara kamawa cikin mintuna kaɗan, iskar hunturu kuma tana ƙara gajarta su, saboda haka a yi aikin da sassafe, a cikin inuwa, mutum biyu ko uku, kayan matsi suna shirye a gefe. Matsi yana farawa daga gindin bakan, a tafi gaba, a dawo baya, don gam da iska su sami hanyar fita. Wanda ba shi da ƙarafan matsi da yawa ya ɗora katakai a gicciye ya ɗaure bakinsu da sukuru a jikin gadon, ya naɗe tsakaninsu da robar tsohon tif ɗin mota, wadda ke matsawa daidai a ko'ina. Gam ya ɗan tsatso ta gefe daga farko har ƙarshe. Inda bai tsatso ba, matsi bai kai ba. A bar shi kwana ɗaya cur, da damina kwana biyu.

Bayan an kwance, a daidaita gefe da zarto, a zagaye kusurwoyi, a goge da samfefa har yaro ya shafa bai ji tsini ba. A ɗaura katakai uku a gicciye ta sama da siraran sanduna biyu a tsawon gefe, su ƙara ƙarfi su kuma zama abin riƙo, a nutsar da kan sukurun ta ƙasa. A huda rami biyu a hanci a zura igiya. Gefen filawud shi ke shan ruwa, don haka a ba shi banish sau uku, a goga wa cikin allon kakin kyandir.

Za a ce gam ba abin amincewa ba ne a ƙasar da ke da damina mai nauyi da gara, katakon tek kuwa yana nan. Maganar tana da tushe, kuma filawud maras kyau yana ɓarewa a damina ɗaya. Amma laifin na gam ne da buɗaɗɗen gefe, kuma duka biyun suna da magani. Jirgin saman yaƙin Ingila mai suna Mosquito, wanda ya fara tashi a 1940, da filawud da gam aka yi gangar jikinsa. Tek kuma, duk ingancinsa, idan an yanko baka daga cikinsa rabin katakon yana ƙarewa a ƙasa, ga raunin guntuwar jijiya yana nan. Za a kuma ce yin gado ɓata lokaci ne a kan abu ɗaya. Gaskiya ne idan ɗaya za a yi. Gado yana biyan kansa ne daga na biyar da na goma, lokacin da kowane baka ke fitowa daidai da ɗan'uwansa ba tare da sabon awo ba.

Babbar tambayar ita ce wa zai saya. Ba wanda zai nemi allon zamiya a kasuwar Arzeke ta Parakou ko a garin Djougou, kuma a kan jar ƙasa mai tsakuwa ba ya tafiya; kada ma a yarda yara su ɗaura shi a bayan babur, wannan hanyar asibiti ce. A kan tudun yashi yana aiki, kamar yadda ake yi a Swakopmund ta Namibiya da siraran alluna masu santsi, kuma 'yan'uwanmu da ke Montreal ko Minnesota suna da ƙanƙarar a ƙofar gida. Ga kafintan Titirou kuwa, amfanin allon shi ne babu aikin koyo da ya fi shi sauƙi: baka ɗaya, fale uku, kuskure kuma ba ya cin fiye da rabin filawud. Almajirin da ya fitar da shi sumul, babu kumburi babu rata a gefe, a ba shi gado mai zurfin baka kaɗan ya manna majinginar kujerar makaranta, sannan a yanka fale siri-siri, santimita 5, a jera shida ko bakwai, ya fitar da ƙafafun kujerar lilo da na dokin katakon yara.