Matafiyi shi kaɗai a jirgin ruwa

Babbar hanyar kwalta da ta fito daga Yamai tana ratsa Gidan Rumji, ta bi ta kusa da Maraɗi, ta wuce Cadawa da Agye da Gazawa, ta nufi Damagaram. Duk yaron da ya taɓa zama a tashar ɗaya daga garuruwan nan ya san dokar mota: ba ta tashi sai ta cika. A gidan gaba, kusa da direba, mutum biyu ake sawa. In wani attajiri yana son ya zauna shi kaɗai, sai ya biya kuɗin mutum biyu. In yana gaggawa ƙwarai, ya ɗauki shatar motar duka.

Wannan doka tana aiki har a kan teku.

Nijar ba ta da teku. Amma a ƙasashen da ke bakin ruwa akwai manyan jirage waɗanda ba kaya suke ɗauka ba, ƴan yawon shaƙatawa suke ɗauka. Jirgin yakan yi kwana 7 ko 14 yana bin tashoshi. Da rana mutane su sauka su ga gari, da dare su koma su kwana a ciki. Da yawa suna tashi daga Mayami a Amurka ko Basalona a Sifen. Waɗansu kan tsaya a Dakar da Lome da Kwatano. Akwai wanda ya fara aiki a 2024, sunansa Icon of the Seas, yana iya ɗaukar matafiya 7.600. Gari guda ke nan bisa ruwa!

Kusan kowane ɗaki na jirgin an yi shi domin mutum biyu. Kuɗin da kamfani yake shela kuwa, kuɗin mutum guda ne in su biyu suka kama ɗakin. A ce jikka 400 ne. Ɗakin zai kawo ma kamfani jikka 800. To, ga mace ko namiji ya zo shi kaɗai. Gado guda zai kwana babu kowa, kuma babu wanda zai sayi abin sha ko tsaraba a madadin mai gadon. Don haka sai a ɗora ma matafiyin ƙari. Wani lokaci rabin kuɗin, ya biya jikka 600. Sau da yawa kuɗin duka, ya biya jikka 800, alhali cikinsa ɗaya ne, abincin mutum ɗaya zai ci.

Yana da dabara uku ko huɗu. Yana iya neman abokin tafiya su raba ɗaki, in zai jure minsharin baƙo. Yana iya kama ɗakin tsakiyar jirgi, wanda ba shi da taga, don ya fi araha. Yana iya jiran lokacin da matafiya suka yi ƙaranci, kamfani ya rage ƙarin, kamar yadda direba yake sassautawa in kasuwa ta watse motarsa ba ta cika ba. Akwai kuma ɗakin mutum ɗaya. A 2010 jirgin Norwegian Epic ya fito da irinsu 128, kowane faɗinsa kamar murabba'in mita 9. Ƙanana ne, kuma ba su da yawa, sai wanda ya riga.

Kuɗin ɗaki ya haɗa da kwana da abinci. Sau da yawa bai haɗa da tukuicin ma'aikata ba, ko motar zagaya gari in an sauka. Mutumin Gazawa kuwa, kafin ya ga ruwan ma, sai ya yi fasfo da biza, ya biya mota zuwa Yamai, ya biya jirgin sama zuwa inda jirgin ruwan yake.

Tambayoyi

1. Waɗanne garuruwa kwalta take ratsawa tsakanin Gidan Rumji da Gazawa?
2. Don mi ake ɗora ma matafiyi shi kaɗai ƙari?
3. Kuɗin mutum guda jikka 300 ne, ƙarin kuma rabi. Nawa matafiyi shi kaɗai zai biya?
4. Ku tambaya a tasha nawa ne kuɗin mota zuwa Maraɗi, nawa ne kuma shata. Ku rubuta amsar da Hausa da Faransanci.