Mece ce lambar E11.5 da aka rubuta wa mahaifina?

Tambaya: Mahaifina yana fama da ciwon sukari, babban ɗan yatsansa na ƙafa ya yi baƙi. A takardar asibiti an rubuta E11.5. Me take nufi? Daga wata baiwar Allah, Tondibia.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Lambar ta fito ne daga kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda likitocin Nijar ke kira CIM-10. E11 ita ce sukarin da ya fi kama manya. Biyar ɗin da ke bayan ɗigo tana nuna cewa cutar ta taɓa hanyoyin jini, har nama na iya fara ruɓewa ko gyambo ya buɗe. Da ba a san musabbabin ruɓewar ba, R02 za a sa. Ruɓewa mai tara iska a cikin nama, wadda ke kisa da gaggawa, lambarta daban ce: A48.0.

Yanzu ki duba ƙafar da kanki. Idan yatsan ya bushe ƙayau, ya yi sanyi, jini ne ba ya isa wurin. Idan kuwa yana tsattsafo da ruwa, yana wari, kumburi na hawa sama, ko zazzaɓi ya shigo, kada ku kwana a gida. Ku nufi Babban Asibitin Ƙasa na Yamai yau ɗin nan.

Don Allah kar a barbaɗa garin magani, kar a gasa da ruwan zafi, domin mai sukari sau da yawa ba ya jin ƙuna. Na san tsoron yanka ke hana mutane zuwa, amma jinkiri ne ke kai yankan har gwiwa. Ki tafi da takardar da dukan magungunan da yake sha.