KARATUN WANNAN WATA: IN MOTAR GARI TA ƘI TASHI DA SAFE

A da, a ƙauyuka da yawa mota guda ce ake da ita. Tsohuwar Peugeot ce mai buɗaɗɗen baya, 404 ko 504, wadda ake ce ma bashe. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960. Daga 1975 aka riƙa haɗa Peugeot a Kaduna. Bashe ce ke kai gero da albasa kasuwa. Ita ce ke ɗaukar mace mai naƙuda zuwa likita cikin dare. Ranar da ta ƙi tashi, gari duka ya sani.

Sau da yawa direba yakan ce batir ya mutu, ya kashe kuɗi ya sayo sabo. Bayan sati biyu mota ta sake ƙi. Laifin ba na batir ba ne, hanyar wuta ce ta toshe.

Ga hanyar. Wuta tana fitowa daga batir, ƙarfinta bolt 12. Ta shiga bobin, shi kuma ya ƙara mata ƙarfi har ta wuce bolt 10.000. Delko ya raba ta ga buji huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Buji ya yi tartsatsi, isansi ya kama, moter ya tashi. Mai neman ciwon mota sai ya bi hanyar nan daga farko, kada ya yi tsallake. Wannan karatu na mota mai shan isansi ne. Mai shan gazuwal ba ta da delko.

A fara da batir. A kunna fitilu, a murɗa makulli. In fitilu suka dushe, moter na juyawa da ƙyar, to a dubi batir da kawunansa. In moter na juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, batir lafiya yake, sai a wuce gaba.

Batir yana da ɗaki shida, kowane da murfinsa. A buɗe, a leƙa. Ruwa ya kamata ya rufe faifan darma da ke ciki, ya ɗara su da kamar santimita 1. Zafin bazara yana shanye ruwan nan da sauri, shi ya sa daga Maris zuwa Mayu ake dubawa kowane sati. In ya ragu, a ƙara tataccen ruwa na batir, wanda ake saidawa cikin kwalba. Ruwan rijiya ba ya yi, domin yana da gishiri da kanwa masu lalata darma. Kuma ba a ƙara asid, ruwa ne kaɗai ke tashi.

Sai kawunan batir biyu. Wani farin gari ko shuɗi yana taruwa a kansu, ya hana wuta wucewa. Nan ne ciwon ya fi yawa, kuma maganinsa ba ya cin ko dala. A kwance wayar da ke da alamar ragi (-) tukuna, sannan mai alamar ƙari (+). A jiƙa kanwa cikin ruwa, a wanke kawunan da tsohon buroshi. A kula ruwan kanwa kada ya shiga cikin batir. A goge, a maida wayar ƙari, sannan ta ragi, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris. Dalilin fara kwance ragi shi ne: ita ke haɗe da jikin mota. In tana nan, kile ya taɓa ƙari da ƙarfen mota lokaci guda, wuta za ta tashi ta ƙone hannu.

Batir yana fidda iska mai kama wuta. Kada a kusance shi da taba ko ashana ko fitilar kwai. In ruwansa ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi likita nan da nan.

A danna igiyar robar da ke juya dinamo da babban yatsa. In ta lotsa fiye da santimita 1, ta yi sako-sako, batir ba ya cika ko da an wuni ana tafiya.

Yanzu delko. A kashe makulli, a cire hularsa, a goge cikinta da busasshen ƙyalle. Ƙurar hunturu da raɓar damina duka suna satar wuta. In hula ta tsage, sai sabuwa. A ƙarƙashi akwai ƴan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa, su ne bis filatine. In sun yi baƙi ko sun yi ƙurji, a goge su da ƙaramin magagari. Sa'ad da suka buɗe iyakar buɗewa, tsakaninsu milimita 0,4 ne. Ba a auna wannan da ido. Makanikai suna da ƴan faifan ƙarfe na awo, kowane da lambarsa a rubuce. Wanda ya koyi karatun lamba zai iya aiki da su. Motocin da aka ƙera daga baya ba su da bis filatine.

Buji kuwa, a bari moter ya huce, a cire su ɗaya ɗaya. In an cire wayoyi huɗu gaba ɗaya, za su rikice, mota ta yi ta tari ba ta tashi. Bakin buji yana faɗin lafiyar moter. In ya yi kalar ƙasa, lafiya. In ya yi baƙi kamar gindin tukunya, isansi ya yi yawa, ko matatar iska ta cika da ƙura. In ya jiƙe da mai, moter ya tsufa, wannan aikin garaji ne. Tsakanin ƙarafan bakin buji milimita 0,6 ne. Wajen maida shi a fara murɗawa da hannu, sannan a ƙarasa da kile a hankali.

Abu guda ne direba zai bar ma makaniki: murɗa delko don daidaita lokacin tartsatsi. In tartsatsi ya riga lokaci, moter yana ƙwanƙwasa wajen hawan tudu. In ya makara, mota ba ƙarfi, ta yi zafi, ta sha isansi. Makaniki yana daidaita shi da ƴar fitila da alamar da ke jikin moter.

Motar da ke shiga daji nesa da Maradi ko Damagaram ko Tawa, ya kamata a aje buji biyu, da bis filatine guda, da kwalbar ruwan batir a ƙarƙashin kujera.